Risho Mai Famfo: Daga Ƙasar Ƙanƙara Zuwa Madafin Uwargida

    Hirar tamu ta yau ta tarihi ce, tarihin wani ɗan abu da ke zaune a lungun madafinki, ko a ƙarƙashin gadon kakarki ya yi ƙura, wato risho.

Lokacin da nake yarinya mahaifiyata tana da wani risho na tagulla mai ƙafa uku, irin wanda ake yi wa famfo. Duk ranar Juma'a takan dirje shi da jiƙaƙƙiyar tsamiya da toka har ya riƙa ɗaukar ido. Ƙuginsa ne ke tashinmu da asuba, mu san an ɗora ruwan koko. Shekara da shekaru tana aiki da shi, ko gefen tabarma bai taɓa ƙonawa ba. Amma a layinmu ɗin nan akwai wata amarya da irin wannan rishon ya bar mata tabo tun daga hannu har wuya, ko wata uku ba ta yi a ɗakinta ba. Risho iri ɗaya, unguwa ɗaya. Mutane suka ce ƙaddara, kuma ba mu ja da ƙaddara. Sai dai da na girma na gane ita mahaifiyata ta san abin da ke gudana a cikin cikin rishonta, ita kuwa amarya an jera mata shi ne cikin kayan ɗaki, ba wanda ya zaunar da ita ya koya mata. Shi ya sa nake so ki saurari labarin nan da kyau, don duk ƙa'idar kunna risho tana cikin tarihinsa.

Mu fara da mansa. Kakanninmu da man gyaɗa ko man kaɗe suke kunna fitila, a murza auduga a yi lagwani, a sa a ɗan kasko. Girki kuwa sai murhu da itace da kara. Sanin tace ɗanyen man ƙasa ya daɗe a duniya, don likitan nan na Bagadaza, Abubakar ar-Razi, wanda ya rasu wajen shekarar 925, ya bayyana yadda ake yi a littafinsa Kitabul Asrar. Amma kananzir bai zama hajar kasuwa ba sai bayan shekaru ɗaruruwa. A 1846 wani likita ɗan ƙasar Kanada, Abraham Gesner, ya nuna wa jama'a man fitila da ya tato daga kwal, kuma shi ne ya raɗa masa sunan da bakinmu ya mayar kananzir. A 1859 aka haƙa rijiyar mai a jihar Pennsylvania ta Amurka, daga nan kananzir ya yi araha ya bazu duniya.

Da mai ya samu sai aka shiga ƙera murhun da zai ci shi. Na farko-farko duk masu lagwani ne, ga hayaƙi, ga wari, ga baƙanta gindin tukunya. Sai a 1892, a birnin Sitokhom na ƙasar Suwidin, wani makanikin masana'anta mai suna Frans Wilhelm Lindqvist ya fito da wata dabara. Ya ɗauko ta ne daga abin hura wutar nan na hannu da ake narka dalma da shi. Ya haɗa gwiwa da wani mai suna J. V. Svenson suka kafa wurin ƙira, kamfanin B. A. Hjorth kuma ya ɗauki sayarwa. Suka sa wa rishon suna Primus, wato “na farko” a harshen Latin. Bayansa wasu kamfanonin Suwidin ɗin, irin su Optimus da aka kafa a 1899, suka bi sahu.

To mece ce dabarar? Ki riƙe wannan, uwargida, don ita ce uwar zancen. Risho mai famfo ba ruwan kananzir yake ci ba, tururinsa yake ci. In kin buga famfo, iska ce kike cusawa cikin tanki. Iskar ta danne man, ta tura shi sama ta cikin bututu zuwa kan rishon. In kan ya riga ya yi zafi jau, man na isa sai ya zama tururi, ya fito da ƙarfi ta wata 'yar huda wadda faɗinta bai kai rabin milimita ba, mu kira ta idon risho. Nan ya gauraya da iskar waje, ya kama da wuta shuɗiya mai ƙugi, ba hayaƙi, ba baƙi. Zafin wutar kuma shi ke ci gaba da gasa kan, abin ya yi ta zagayawa. Tankin samfurin farko yana cin lita 1 da 'yar ɗoriya, yana kuma iya ci na kamar awa 4 ba tsayawa.

Wannan ne ya sa matafiya suka rungume shi. Ba shi da nauyi, iska ba ta kashe shi da sauƙi, sanyi bai hana shi ci. Fridtjof Nansen, mutumin ƙasar Norwe, ya tafi da shi can ƙuryar arewacin duniya a tafiyarsa ta 1893 zuwa 1896. A watan Mayun 1953 kuma, da Edmund Hillary da Tenzing Norgay suka zama na farko da suka taka ƙololuwar Everest, dutsen da ya fi kowane tsawo a duniya, Primus ne ya narka musu ruwan sha a hanya.

Amma labarin da nake so ya zauna miki a rai shi ne na 1911. A shekarar ayari biyu suka yi tseren isa ƙarshen kudancin duniya, ƙasar da babu itace, babu ciyawa, babu rijiya, sai ƙanƙara iya ganinki. Ayari ɗaya na Roald Amundsen ne ɗan Norwe, ɗayan na Kyaftin Robert Scott ɗan Ingila. Dukansu da risho mai famfo suka dogara. A can in ba wuta, ba abinci kaɗai za a rasa ba, har ruwan sha, tunda sai an narka ƙanƙara ake sha. Kowane ayari ya riƙa ajiye abinci da gwangwanayen kananzir a zango-zango don dawowa. Shi Amundsen ya sa an like bakin gwangwanayensa da dalma. Na Scott kuwa murfi gare su mai zoben fata a ciki. Amundsen ya isa ranar 14 ga Disamba 1911, ya komo da mutanensa lafiya. Scott ya isa ranar 17 ga Janairu 1912, shi da mutum 4. A hanyar dawowa suka riƙa tarar da gwangwanayensu sun ragu, alhali ba wanda ya taɓa su. Ashe sanyi ya lalata zoben fatar, man yana ta sulalewa. Yunwa da ciwo da guguwa suka haɗu da ƙarancin mai, mutum 5 ɗin nan ba wanda ya koma gida. Ukun ƙarshe sun cika ne a cikin tantinsu a ƙarshen watan Maris, saura mil 11 su kai babbar ma'ajiyarsu. Ba zoben ne kaɗai ya kashe su ba, amma yana cikin abin da ya kai su. Kin ji ɗan hakin da ka raina.

A wannan shekara ta 1911 ne kuma hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano. Jirgi ya riƙa kwasar gyaɗa da fatu yana yin kudu, yana dawowa da kayan kantunan Turawa, cikinsu har da kananzir a garwa mai cin galan 4. In man ya ƙare garwar ba ta zama shara, da ita ake ɗiban ruwa. Kin ga asalin sunan 'yan garuwa ke nan, waɗanda har yau suke kawo miki ruwa ƙofar gida ko da yake sun koma jarka. Fitilar ƙwai da a-ci-bal-bal suka shiga ɗakuna, risho kuma ya biyo baya, tun yana hannun Turawa da kukunsu da ma'aikata har ya kai teburin mai shayi, wanda kike jiyo ƙugin rishonsa ta bayan katanga. Sunan ma baƙo ne, daga Faransanci muka aro shi, su “resho” suke cewa. A Masar kuwa babur suke kiransa, don haka in kin ji Balarabiyar can ta ce ta ɗora tukunya a kan babur kada ki yi dariya.

An samu man fetur a Oloibiri a 1956, aka buɗe matatar Fatakwal a 1965, ta Warri a 1978, ta Kaduna a 1980. Kananzir ya wadata, koren rishon nan mai lagwani da ake kawowa daga ƙasashen Asiya ya zama dole a kayan amarya, mai famfo ya ja baya. A 2016 gwamnati ta janye tallafin kananzir, tsadarsa ta kori gidaje da yawa zuwa gas da gawayi. Duk da haka risho bai bar mu ba. Ranar da gas ya ƙare tsakar dare, ko damina ta jiƙa itace, shi ake jawowa daga ƙarƙashin gado. Kuma rishon da ya daɗe a ajiye, aka ɗauko shi cikin gaggawa, shi ya fi kowanne haɗari.

To yanzu ga abin da tarihin nan ya koya mana, mu bi shi daki-daki.

Na farko, mai. Lindqvist don kananzir ya ƙera rishonsa, kananzir kaɗai. Shi kananzir mai kawaici ne, ba ya fitar da tururin da zai kama wuta sai ɗuminsa ya kai wajen digiri 38. Fetur kuwa ko a sanyin da ya fi na firiza yana fitar da tururi, tururin kuma ya bi ƙasa ya je ya sami wuta inda take. Fetur kaɗan in ya shiga kananzir ya isa ya mai da risho ko fitila abin fashewa. A 2001 gurɓataccen kananzir ya yi ta fashewa a gidaje a jihar Edo, aka yi asarar rayuka, da yawa kuma suka ƙone. Ke da kike cikin gida ba ke ce kike zuwa sayen mai ba, yaro ake aika, ko maigida ya taho da shi. Amma ke ce mai tsiyayawa, ke ce mai ƙyasta ashana, wutar kuma gabanki take. Don haka ke ce mai binciken ƙarshe. Ki shinshina, warin fetur daban yake, yana da kaifi. Ki ɗiga a farar takarda, fetur nan da nan yake bushewa, kananzir kuwa yana daɗewa da maiƙonsa. In zuciyarki ba ta kwanta ba, a mai da shi, asarar kuɗin kwalba ta fi asarar fata sauƙi. Sannan ki roƙi maigida cikin lalama, ki ce: “Maigida, don Allah a ware wa kananzir jarkarsa daban, kada a haɗa da ta man janareto.” Sau da yawa ba mai sayarwa ne ya gurɓata man ba, jarkar gida ce. Kada kuma a bar jarkar a rana, kin dai san zafin bazararmu yakan wuce digiri 40.

Na biyu, haƙuri wajen kunnawa. Ki zuba mai a waje, rishon yana sanyi, babu wuta kusa. Kashi uku cikin huɗu na tanki ya isa, a bar wa iska wuri. In kin tace man da ƙyalle mai tsabta ya fi. Ki goge duk inda ya zuba, ki ɗaure murfi, ki ajiye rishon a ƙasa mai daidai, nesa da labule da tabarma. Akwai ɗan sukurun sakin iska a jikin murfin ko kusa da shi, ki bar shi a kwance tukuna. Ki cika ɗan kaskon da ke ƙarƙashin kan da sifirit, ki rufe kwalbar ki kai ta nesa, sannan ki ƙyasta. Wutar sifirit ba ta cika ganuwa da rana ba, saboda haka kada ki kuskura ki ƙara daga kwalba don kina zaton ta mutu. Sai ta kusa cinyewa za ki ɗaure sukurun iska, ki buga famfo sau uku ko huɗu a hankali. Tururi zai fito ya kama, in bai kama ba ki kai masa ashana. In wuta ta zauna shuɗiya sai ki ƙara famfo. Rage wuta kuwa, ki ɗan sassauta sukurun iska. Kashewa, ki kwance shi gaba ɗaya, iska ta fice, wuta ta mutu. Ki bar shi a kwance har wani girkin.

Abin da ya sami amaryar layinmu ke nan. Baƙi sun zo, tana sauri, ta buga famfo kan bai yi zafi ba. Ruwan mai ya yi tsartuwa maimakon tururi, wuta ja ta tashi sama, ta ruɗe ta sunkuya za ta ɗauke rishon, gyalenta ya kama. Da ta san cewa sukurun nan kaɗai za ta murɗa, da wutar ta faɗi da kanta. Sauri ya haifi nawa.

Na uku, ki iya jin maganar rishonki, don kafin ya yi ɓarna sai ya yi gargaɗi. Wuta ja ko rawaya mai tsawo da hayaƙi tana cewa kan bai gasu ba. Ki saki iska, ki jira ya huce, ki sake daga farko. Wuta mai rauni, ko mai karkata gefe guda, ko mai tsuke-tsuke, tana cewa ido ya toshe. Akwai siririyar waya mai mariƙi da ake sayarwa don wannan, da ita za ki tsokane shi. Kada ki sa allurar ɗinki ko fil, za su faɗaɗa hudar, daga nan wutarki ta zama ja har sai an canza idon. In famfo yana shiga salalo ba ya cije hannu, fatar bakinsa ce ta bushe. Ki zaro shi, ki jiƙa fatar da ɗan man keken ɗinki, ki buɗa ta da yatsa ki mayar. In ta tsage a yanka sabuwa. In kin buga famfo wuta ta tashi, jim kaɗan ta yi sanyi, iska ce ke zurarewa, kuma yawanci zoben cikin murfi ne ya bushe ya tsattsage. Ki tuna da Scott, ki sa a canza shi. Amma in kin ga sandar famfo tana turowa waje da kanta, ko mai yana fitowa ta bakin famfon, ko tanki yana gumin mai a wajen liki, ko wuta na leƙowa ta wata gaɓa da ba kai ba, to wannan ya wuce gyaran ɗaki. Ki kashe, a kai wa mai gyara. Kada a toshe da sabulu ko ƙullin gari a ce a lallaɓa.

Mai rishon lagwani, ke ma ban manta da ke ba. Lagwaninki su cika kowace huda, su zama kai ɗaya, dogaye har cikin mai. Hudar da ba lagwani ƙofa ce da wuta za ta bi ta gangara tanki. Kada ki bari mai ya ƙafe ƙaf, kuma kada ki ƙara mai wuta tana ci, ko da tuwo zai yi gudaji.

Na huɗu, iska. Matafiyan ƙanƙara sun sha jin jiri a cikin tanti in sun rufe ko'ina suna girki. Duk wutar da ke ci a rufaffen wuri tana iya fitar da wata iskar guba wadda ba ta da wari, ba ta da launi. Alamarta ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala da barci mai nauyi. Lokacin hunturu ne muka fi faɗawa wannan, a shigo da risho ko kaskon gawayi ɗaka a rufe ƙofa da taga. Ki bar taga a buɗe, kada kuma a kwana da wuta a ɗaki. In kin ji alamar, ku fita tsakar gida ke da yara nan take, a nemi asibiti.

In kuma tsautsayi ya faɗa, Allah ya kiyaye, kada ki watsa wa wutar mai ruwa, don man zai hau kan ruwan ya bazu. Ki ajiye bokitin yashi a madafi, ko ki lulluɓe wutar da jiƙaƙƙen bargo mai kauri. In tufafi ne suka kama, ba gudu, a kwanta a yi birgima. Wurin ƙuna a yi ta kwarara masa ruwa mai sanyi na minti 20, a rufe da ƙyalle mai tsabta, sai asibiti. Ban da ƙwai, ban da man goge baki, ban da manja. Tun farko ma ki cire hijabi ko gyale mai santsi kafin ki tsuguna gaban wuta, irin yadin nan narkewa yake ya manne a fata.

Sai yara. Kananzir a robar ruwa ko kwalbar lemo, a idon ɗan shekara biyu abin sha ne. In yaro ya sha, kada ki sa masa yatsa ya yi amai, kada ki ɗura masa manja ko madara. Haɗarin shi ne man ya sarƙe shi ya shiga huhu, amai kuma shi ke kai shi can. Ki cire masa rigar da ta jiƙe, ki wanke masa jiki, a garzaya da shi asibiti ko da kin ga yana wasa. Wannan ba abin jiran dawowar maigida ba ne. Ku yi wannan magana da shi tun yau, ki sami izininsa, ki kuma san maƙwabciya ko ɗan'uwan da za ki kira.

Rishon mahaifiyata yana nan wurina. An canza masa fata ban san sau nawa ba, an canza zobe, an canza ido, tagullar kuwa ko gezau. Ran da 'yata za ta tare, kafin a naɗe kaya, na zaunar da ita a tsakar gida na sa ta kunna shi ta kashe har sau uku, sai da na ga hannunta ya san hanyar sukurun iska ba tare da ta duba ba. Ke ma ki yi wa taki haka, da ƙanwarki, da 'yar riƙonki, har da abokiyar zamanki, tunda rufin gidanku ɗaya ne. In kunne ya ji, jiki ya tsira.